Kifin tang ya rame a tankin ruwan gishiri: me zai ci, kuma sau nawa a yini?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Gombe: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 450. Wata huɗu ke nan da aka kawo mini kifin tang rawaya daga Legas, tare da wani ɗan kifi da ake kira bileni, mai kankare gansakuka. Wanda ya sayar mini ya ce kada in wahalar da kaina, gansakukar da ke fitowa a tanki ta ishe su. Yanzu tanki ya yi fes, amma cikin tang ɗin ya shafe, launinsa ya koɗe, wasu 'yan ramuka kuma sun fito masa a kusa da ido. Ina ba su latas da abincin tarwada sau ɗaya a rana. Me ya kamata su ci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yunwa ce ke damun kifinka, kuma wannan tsabtar da tankin ya yi ita ce shaidar farko. Sun cinye abin da ke kan duwatsu tun a makonnin farko, daga nan sai suka koma cin jikinsu. Abin yana da gyara in ka fara yanzu, amma sai ka sauya yadda kake kallon kifayen nan. Ba ma'aikatan shara ba ne da aka ɗauka don su goge gilashi. Dabbobi ne masu kiwo, kuma ciyar da su ya fi ciyar da yawancin kifayen teku ɗawainiya.

Ka dubi akuya da aka saki da safe: ba ta zama ta ci ta ƙoshi sau ɗaya, tafe take tana tsinka, nan kaɗan can kaɗan, har rana ta faɗi. Haka tang yake a kan duwatsun murjani. Wannan rawayan da kake da shi, Zebrasoma flavescens, ya fi yawa a tekun tsibiran Hawai, kuma tun fitowar rana yake bin dutse yana tsinkar gansakuka mai siraran zare. Gansakuka abinci ce mai yawan ruwa da ƙarancin ƙarfi, don haka dole ya ci da yawa, kuma ya ci a kai a kai. An halicce shi da ƙaramin tumbi da dogon hanji. Abinci yana shiga yana wucewa, ba wurin ajiya. In ka zuba masa tulin abinci sau ɗaya, zai ci abin da cikinsa zai ɗauka, sauran ya ruɓe a ruwa, shi kuma ya yini da hanji wayam. A teku filin kiwon kifi ɗaya ya ninka tankinka sau da yawa, ga rana mai ƙarfi da ke tsirar da sabuwar gansakuka kullum. Tankin lita 450 ba zai taɓa tsirar da abin da zai riƙe tang da bileni tare ba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Hanjin waɗannan kifaye cike yake da ƙwayoyin bakteriya da ke zaune tare da su. A 1985 aka gano wata a hanjin wani tang na Bahar Maliya, aka sa mata suna Epulopiscium, tsawonta ya kan wuce rabin milimita, har ana iya ganinta ba tare da madubin likita ba. Na kawo wannan ne don wata ɗabi'a da ta yaɗu a wajenmu: da an ga kifi ya yi sanyi sai a fasa maganin kaji ko kafso a zuba a ruwa. Kada ka yi wa wannan tankin haka. Za ka kashe bakteriyar da ke tace maka ruwa, ka taɓa ta cikin kifin, alhali ciwonsa ba na magani ba ne.

Ba duk mai cin gansakuka ke cin iri ɗaya ba, kuma nan ne masu sayarwa ke rikita mutane. Dangin Zebrasoma, wato rawayan da shuɗin-shanshanbale na Bahar Maliya da mai faffaɗan fiffike, masu tsinka ne da ɗan dogon baki. Dangin Ctenochaetus, irin su kole, haƙoransu siraran gashi ne, ba sa iya tsinke doguwar gansakuka, sharar dutse suke yi suna kwasar laushin datti da ƙurar nan mai ruwan ƙasa, suna kuma da ƙundu mai kauri da ke niƙa abin tare da yashi. Dangin Naso manya ne, suna son ganyen ciyawar teku mai ruwan ƙasa irin Sargassum, kuma sun fi ƙarfin tankinka. Shi kuwa shuɗin tang da yara suka sani a katun, Paracanthurus hepatus, yawancin abincinsa a teku ƙananan halittu ne masu yawo a cikin ruwa, don haka wanda ya saye shi don share gansakuka ya yi asarar kuɗinsa ta wannan fuska. Ko a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma akwai ɗan gidan, Acanthurus monroviae, sai dai yana girma ƙwarai.

To, me za ka ba shi? Ginshiƙin abincinsa ciyawar teku ce, kuma mafi sauƙin samu ita ce nori, busasshen ganyen nan baƙi-baƙi mai sheƙin kore da mutanen Japan ke naɗe shinkafa da shi. Ana samunsa a manyan kantunan Abuja da Legas masu sayar da kayan girkin mutanen Asiya, ko ka yi oda ta intanet. Ka karanta bayan leda da kyau. Abin da kake so shi ne wanda ba komai a cikinsa sai ciyawar kanta: ba gishiri, ba mai, ba yaji, ba sukari. Wanda aka yi don taunawa mai man riɗi, bar wa yara. Ka yanki kamar faɗin kwalin ashana, ka ninka shi biyu ko uku don kada ya wargaje, ka maƙale shi da abin maƙalawa na roba, ko ka ɗaure shi da kyauro a jikin ɗan dutse ko guntun bututun roba ka sa a ƙasan tanki. Ƙarfe kada ya shiga ruwan nan, tsatsa yake yi, in kuma akwai tagulla a jikinsa to guba ce ga murjani da dodon koɗi. Ka sa da safe, ka ƙara da la'asar. Abin da ya rage bayan awa uku ko huɗu ka cire. In yana cinye yankin cikin 'yan mintuna, ka ƙara masa. Tunda a rame yake, a makonnin nan na farko gara a ce kusan duk yini akwai ganye a maƙale.

Wataƙila da farko ya ƙi kusantarsa. Kifin da aka kamo daga teku bai san abinci a rataye ba, dutse ya sani. Shi ya sa na fi son a fara da ɗaurewa a dutse, a ajiye daidai inda ya saba tsinka, kai kuma ka ja da baya daga gaban gilashi. Kwana biyu ko uku yakan gane. Wasu suna shafa ruwan tafarnuwa a ganyen don jan hankalinsa, ba laifi a yi haka na ɗan lokaci, amma tafarnuwa ba ta maganin ɗigon farin nan da ke yawan kama tang, duk da abin da ake yaɗawa. In naka haifaffen gidan kiwo ne, aikinka ya yi sauƙi. A 2015 aka fara samun nasarar ƙyanƙyasar tang rawaya a wata cibiyar binciken teku a Hawai, a 2021 kuma kotu ta dakatar da kamun kifin ado don kasuwanci a can, wanda ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Waɗanda aka raina a gidan kiwo sun saba da felet, wato abincin kifi na ƙwaya-ƙwaya, tun suna ƙanana. Ka tambayi wanda ya kawo maka, amsar za ta taimake ka.

Nori kaɗai ba ya wadatarwa. A teku, in tang ya tsinki gansakuka, yana haɗiyewa da ƙananan ƙwarin ruwa da ƙwayaye da ke maƙale a jikinta, daga nan yake samun ƙarin furotin da mai. Don haka ka nemi felet ko ɓarzajjen abincin da aka yi musamman don kifin teku mai cin ganye, wanda ciyawar teku ko sifirulina, wata koriyar gansakukar ruwa, ke cikin abubuwan farko da aka lissafa a jikin gwangwanin. Ka ba shi kaɗan sau biyu ko uku a yini, daidai abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Sifirulinar nan ba baƙuwarmu ba ce. Matan Kanembu a yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna tsame ta daga tafkuna masu kanwa, su shanya a kan yashi, ana miya da ita, suna kiranta dihe. Amma don tanki ka sayi tsabtatacciyar gari, ta gargajiyar tana zuwa da yashi da abin da ba ka sani ba. Sau biyu ko uku a mako ka ƙara ɗan nama: ɗanyen jatan lande na teku da aka yayyanka ƙanana ƙwarai, ko daskararren maisis, wani ɗan mitsitsin dangin jatan lande, in kana samu. Atimiya, wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwan gishiri mai kama da jatan lande da masu ƙyanƙyasar tarwada ke amfani da ita, ita ma suna ci da marmari, sai dai ba ta da ƙarfi sosai in ba sabuwar ƙyanƙyasa ba ce, kada ka dogara da ita.

Abincin tarwada kam ka daina yau. An haɗa shi ne don kifin ruwan daɗi mai cin nama, wanda ake so ya yi nauyi cikin wata biyar ko shida a kai kasuwa. Furotin da mai sun yi masa yawa, ganyen teku babu, ga shi yana ɓata ruwa da sauri. Kifinka kuwa irin wanda a teku yake kai shekara 30 ne har ya wuce.

Latas ma ba abinci ba ne a wurinsa, cika ciki ne kawai. Kusan duk ruwa ne, kuma ganyen tudu ba ya ɗauke da irin man da kifin teku ke buƙata, wato dangin omega-3 masu suna EPA da DHA. Ga kuma maganin feshi da ake yi wa kayan lambu, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya yi ɓarna a rufaffen ruwa. Na san za ka tambayi zogale da alayyahu, tunda su ne a hannu. In nori ya yanke maka, kana jiran saƙo daga Abuja, ka tsinko zogalen gida wanda ka tabbata ba a yi masa feshi ba, ka tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci ya yi laushi, ka ɗaura masa. Ya fi latas nesa ba kusa ba, kuma ya fi barin kifi da yunwa. Amma na riƙon ƙwarya ne, ba na kullum ba.

Ramukan da ka gani a fuskarsa ciwo ne sananne: fata tana zaizayewa a kai da kuma layin da ya ratsa gefen jiki, tang kuwa na cikin waɗanda ya fi kamawa. Ba ya yaɗuwa daga kifi zuwa kifi. An daɗe ana danganta shi da rashin abinci mai kyau, musamman ƙarancin bitamin C da man da na ambata, da gurɓataccen ruwa, da takura. Akwai kuma wani dalili da ya kamata ka duba tun yau. A wani gwaji da aka yi a gidan namun daji na Toledo a Amurka, aka wallafa a 2011, kifayen tang da aka tace ruwansu da gawayin tace ruwa mai laushi da ƙura sun kamu da wannan ciwo, waɗanda ba a sa musu gawayi ba kuwa ba su kamu ba. In akwai gawayi a matatarka, cire shi tukuna. In daga baya ka buƙace shi, ka sayi mai tauri, ka wanke shi har ruwan ya fita garau, ka sa shi inda ruwa ba zai riƙa gurza shi ba. Gawayin girki kuwa ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Ka samo ruwan bitamin na kifin teku ka riƙa ɗiga wa felet ko nori kafin ka ba shi. Launi yakan dawo cikin makonni. Ramukan suna daɗewa, watanni ne, wani lokaci tabo ya zauna. Wani abu kada ya tsorata ka: da dare tang rawaya yakan dusashe, farin layi ya fito masa a tsakiyar jiki. Wannan ɗabi'arsa ce, da safe yake komawa.

Bilenin ya fi ba ni tsoro, ko da yake ba ka yi kukansa ba. Salarias fasciatus ke nan, mai barin tambarin leɓe a jikin gilashi. Abin da yake kankara ba doguwar gansakuka ba ce, siririn yaɓin nan ne da ke kan dutse tare da laushin dattin da ke ciki. Da yawansu ba sa karɓar abincin hannu, sai su yi ta ramewa a ɓoye har a wayi gari a tsinci gawa. Ka dube shi in ya zauna a kan dutse: lafiyayyen bileni cikinsa a tashe yake, in ka ga kai ya fi jiki to ya jima da yunwa. Ka bar gilashin baya da na gefe ɗaya ba gogewa. Sannan ka yi masa gona. Ka samu baho na roba, ka zuba ruwan gishirin da ka cire lokacin canjin ruwa, ka jera 'yan duwatsun tanki a ciki, ka ajiye a wuri mai haske amma ba cikin tsakar rana ba, domin ranar Gombe za ta dafa ruwan. Ƙaramin famfon iska ya ishe shi. Cikin mako ɗaya ko biyu duwatsun za su yi kore. Ka riƙa ɗauko ɗaya ka sa a tanki, in sun share shi ka mayar ka ɗauko wani. Tang ɗin ma zai amfana. In kana da ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, ka nemi irin ciyawar teku, Gracilaria ja ko Ulva kore, daga masu wannan sana'a ka shuka a can. Ɗanyar ciyawar teku ta fi kowane busasshen abinci, tana kuma zuƙe dattin ruwa tana girma.

Ƙarin abinci yana nufin ƙarin datti, ba makawa. Naitiret da fosfet, sinadaran da datti ke bari a ruwa, za su hau, don haka ka riƙa aunawa, ka canja kamar kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako, na'urar kumfa mai tsame datti kuma ta kasance tana aiki. Kada ka rage wa kifi abinci don ruwa ya yi kyau, matatar ruwa za ka ƙarfafa. Ruwan da za ka haɗa gishiri da shi ya zama wanda ya bi ta na'urar RO, wato na'urar da ke tace sinadaran da suka narke a ruwa, domin ruwan burtsatse da na rijiya sukan zo da abubuwan da ke haifar da irin gansakukar da kifi ba ya ci. In ka ga jan yauƙi ya lulluɓe yashi, ko wani mai ruwan ƙasa mai kumfa-kumfa, babu kifin da zai cinye maka su, na biyun ma yakan zama mai guba. Gishirin kuma na haɗa ruwan teku ne kawai, gram 35 a kowace lita ta ruwan da aka gama haɗawa, ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025 zuwa 1.026.

Zafi da wuta su ne abin da littattafan Turai ba su yi lissafinmu a kai ba. Kifayen nan suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe da Bauchi ke kai 40, ruwan tanki yana hawa, iskar oksijin da ke cikinsa tana raguwa, tang kuwa kifi ne mai yawan iyo da buƙatar iska. Narkar da abinci ma iska yake ci. Saboda haka in an ɗauke wuta, famfuna suka tsaya, kada ka ba su komai, ka cire ganyen da ke maƙale. Lafiyayyen kifi zai jure yini ɗaya ba ci, amma tanki mai zafi da ruwa a tsaye, ga ciki cike, awanni kaɗan sun isa. A ganina duk mai tankin ruwan gishiri a Arewa, kafin ya ƙara kifi ko ɗaya, ya fara ɗora famfon da ke motsa ruwa a kan sola da inbata, ya ajiye famfon iska mai batir a kusa. A kwanakin zafi ka mayar da babban ciyarwa zuwa sanyin safiya da yamma liƙis. Fanka da ke hura saman ruwa tana sanyaya shi sosai a busasshiyar iskarmu, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa, kuma abin da ya ƙafe da ruwan RO zalla ake cikawa, ba na gishiri ba. Da hunturu kuma ka lura da sanyin asuba, in ruwa ya sauka ƙasa da 24 cin abincinsu yana raguwa.

Rashin tsayayyiyar wuta ya shafi ajiya ma. Daskararren abincin da ya narke ya sake daskarewa, zubar da shi. Shi ya sa a nan na fi ba da shawarar a gina ciyarwa a kan nori da felet, nama ya zama ƙari. Ka sayi ƙaramin gwangwani maimakon babba, domin bitamin yana lalacewa bayan an buɗe, zafi kuma yana gaggauta hakan. Nori ka rufe shi ruf a mazubi, musamman da damina, in ya sha danshi ya yi wari ko fumfuna ya tashi daga aiki.

Kada ka ƙara wani mai cin ganye yanzu. Tang rawaya yana kai santimita 20, tankinka daidai shi ne, kuma yunwa na sa shi faɗa. Yana da wata ƙaya mai kaifi a kowane gefen gindin wutsiya, da ita yake yankar abokin gaba, hannunka ma ka kiyaye, kada kuma ka kama shi da raga. In ya murmure nan da wata uku ka ga kana son ƙari, kifin zomo mai dogon baki, Siganus vulpinus, yakan zauna lafiya da shi, kuma yana cin wasu nau'o'in gansakuka da tang ke ƙi. Ƙayoyin bayansa suna da dafi, in ya soke ka sai ka tsoma wurin a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa, ka je asibiti in kumburi ya yi yawa. Ka killace shi a wani tanki na makonni kafin ya shiga, ranar da ya shiga kuma ka rataye ganye a wuri biyu, ɗaya a kowane ƙarshen tanki.

In tafiya ta kama ka, ta Sallah ko ta aiki, kada ka miƙa wa yaran gida gwangwani ka ce su riƙa zubawa, tausayi zai sa su cika hannu. Ka auna rabon kowace rana a ƙananan ledoji, ka yanka nori ka jera, ka nuna wa mutum ɗaya yadda ake ɗaurawa da cirewa, ka kuma jaddada masa cewa ranar da famfo ba ya aiki ba a ba da abinci.